Yadda Inna Hansai Ta Koyi Ƙwallo

Shekarar da aka kawo ni Unguwar Kanawa ina amarya, abu na farko da na sani game da maƙwabciyata Inna Hansai shi ne ba ta ƙaunar ƙwallon ƙafa ko kaɗan. Ba wani ne ya faɗa mini ba, da kunnena na ji. Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidanmu da nasu, gajera ce kuma, har mukan miƙa wa juna gishiri ko garwashi ta samanta. Duk ranar da Najeriya ke wasa, falonsu kan cika da abokan maigidanta, Malam Alhassan, sai in jiyo ta a bakin murhu tana mita ita kaɗai: "Ƙatti da gemunsu sun tasa fata ɗaya a gaba suna ta gudu, wasu ƙattin kuma sun zauna suna yi musu ihu. Allah Ya shirya."

A Jibiya aka haife ta. Mahaifinta, Audi, direban babbar mota ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Maraɗi ce, rabin danginta duk suna can tsallaken iyaka. Tana ƙarama uban ya kwaso su zuwa Kaduna, suka kama haya a Kawo kusa da tasha. Ta gama firamare, ta koyi saƙa da keke wurin wata Bazazzagiya, kuma sana'ar da ta riƙe ke nan har yau: rigunan sanyi na jarirai, da huluna, da safa. Malam Alhassan a lokacin saurayi ne ma'aikacin safiyo, masu auna filaye, haifaffen Unguwar Kanawa. A gidan wani suna ya gan ta tana raba wa mata kayan jariran da suka sa ta saƙa, ya tambayi 'yar gidan wa ce, shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura aure.

Ƙiyayyarta da ƙwallo tana da asali. Ranar da ta haifi ɗanta na fari, Shamsuddeen, an nemi Malam ƙasa da sama ba a gan shi ba, ashe yana filin wasa na Ahmadu Bello, ƙungiyar Bees ta nan Kaduna tana wasa. Sai bayan magariba ya iso asibiti yana haki. Da aka miƙa masa jaririn ya yi masa huɗuba, muryar ta ƙi fita, ta dushe saboda ihu. Inna Hansai ta ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum a nan take tsayawa ta ce, "Sadiya, kiran sallar farko da yaron nan ya ji a duniya kamar kukan agwagwa."

Shekaru kaɗan kafin Malam ya yi ritaya idonsa ya fara lalacewa. Ta gefe abin ya fara ci. Sai ya yi karo da ƙofa, ko mutum ya tsaya kusa da shi bai gan shi ba. A asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe wanda ya rage. Inna Hansai ce ke ɗiga masa magani safe da yamma. Duk da haka, kafin daminar shekarar 2011 ta fita, mutumin da ya yi rayuwarsa yana leƙa na'ura yana auna filaye ya koma ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Falon ya yi shiru. Cikin abokansa wasu sun rasu, wasu sun tashi daga unguwar, sauran kuma kamar kunya suke ji su zo su kalli abin da maigidan ba ya gani. Masu sharhi a talabijin don masu ido suke magana, su ambaci sunan ɗan wasa su yi shiru. Shamsuddeen ya gwada taimakon mahaifinsa, amma shi in wasa ya yi zafi mantawa yake da kowa. Ina jiyo su ta katanga.

"Kai! Kai! Wayyo!"

"Me ya faru?"

"Baba, ya ɓarar!"

"Wa? Daga ina ya buga?"

Kafin a ba shi amsa wasa ya yi gaba.

Wata Asabar cikin watan Oktoba na shekarar, Najeriya za ta kara da Gini a Abuja, wasan ƙarshe na neman gurbin shiga gasar kofin Afirka. Shamsuddeen ya tafi Zariya ɗaurin auren abokinsa. Malam ya lalubi talabijin ya kunna da kansa, ya ja kujera ya zauna. Inna Hansai tana lungun falon kan keken saƙarta. Ta ce mini daga baya abin da ya karya mata zuciya shi ne yadda ya zauna: bai fuskanci talabijin ɗin ba, gefe ya juya ya kara kunne, kamar mai sauraron hirar da ba a gayyace shi ba.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hansai, su wa ke riƙe da ƙwallon?"

Ta ɗaga kai. "Masu koren kaya."

"Namu ke nan. Ina suka nufa?"

Ta duba falon, firij na hagun talabijin, ƙofa na damansa. "Wajen ƙofa suka nufa."

"Ta tsakiya ko ta gefe?"

"Ta gefe. Wani gajere ne ke gudu da ita. Wani mai jan kaya ya sa masa ƙafa ya faɗi. Kai, wannan ba shi da imani."

"Alƙali ya busa?"

"Wane ne alƙali?"

Haka suka fara. Ta bar zare a keke, ta jawo kujerar tsugunno kusa da shi. Da aka dawo hutun rabin lokaci sai na ji ta ɗaga murya a firgice: "Malam, namu sun ruɗe! Wajen firij suke kai hari, gidansu ne fa!" Ya ce mata ai canjin gida ake yi. Ta ce to me ya sa ba a sanar da mutane ba.

Gini ce ta fara ci. Namu suka farke, suka ƙara ta biyu, unguwa ta ɗauka da ihu. Ana gab da tashi Gini ta farke. Da alƙali ya busa, Inna Hansai ta miƙe tana karkaɗe zani.

"To, alhamdu lillahi. Biyu da biyu, ba wanda ya ci wani. Kowa ya tafi gida da mutuncinsa."

Malam ya jingina da kujerarsa. Sannan ya ce, "An fitar da mu."

"Wa ya fitar da mu? Ba a ci mu ba."

"Ba za mu je gasar ba, Hansai. Wannan neman shiga ne. Gini ta fi mu maki."

Ba ta gane ba, kuma ba ta so ta dame shi, sai ta tafi ta ɗora tuwo. Bayan magariba wayarta ta yi ƙara. Gambo ne daga Maraɗi, ɗan ƙanin mahaifiyarta, abokin wasanta tun suna yara, wanda ba ya kiranta sai in ya sami abin tsokana. Bayansa ana jin ganguna da hon ɗin babura.

"Hansai, mi kuke ciki? Mun ji abin da ya same ku. Ku yi haƙuri, in mun je Gabon za mu kawo muku tsaraba."

"Ku kun ci ne?"

"Ina fa! Uku da nema aka ba mu a Masar. Amma mun wuce! Karon farko tun da aka kafa ƙasar!"

Ta ajiye wayar, ta shiga falo da muciya a hannu. "Malam, wannan wace irin shari'a ce? Mu da ba a kayar ba an kore mu, su Gambo da aka lallasa har uku sun wuce?"

Ranar na ji dariyar Malam Alhassan, wadda rabona da jin ta tun kafin ya daina fita shi kaɗai. Ya ce ta kawo faranti da wake da gyaɗa. Da yatsunsa ya jera mata su rukuni-rukuni, ya nuna mata cewa kowace ƙasa da 'yan rukuninta take takara, nasara maki uku, canjaras ɗaya. Ya ce a rukunin su Gambo ƙasashe uku ne suka yi maki ɗaya, sai aka duba wasannin da suka yi tsakaninsu, Nijar ta fi. Washegari aka ji cewa 'yan Afirka ta Kudu har rawa suka yi a fili suna zaton su ne suka wuce. Wannan ya yi wa Inna Hansai daɗi ƙwarai. Ta ce, "Ashe su kansu masu abin ba su gama gane shi ba. To ni me zai hana ni?"

Mace ce da ta saba ƙirga idon saƙa, in ta ɓata ɗaya ta warware ta sake. Haka ta ɗauki ƙwallo. Bugun kusurwa da bugun tazara ba su ba ta wahala ba. Satar gida ce ta ɗauke ta watanni, kullum faranti na tsakaninsu, Malam na matsar da ƙwayar wake gaba da baya. Sunayen 'yan wasa kuwa ta ce ba za ta karya harshenta ba, sai ta raɗa musu nata: akwai Dogo, akwai Mai Kitso, akwai Sarkin Faɗuwa, akwai wani ɗan baya da take kira Mai Tsaron Shago saboda ba ya barin wurinsa. Malam ya haddace su duka. In aka sa sabon ɗan wasa sai ya tambaya, "Wannan wa za mu ce masa?" ta ce a bari ta ga halinsa tukuna.

A hankali ta gane abin da yake so ya ji. Ba inda ƙwallon take kaɗai ba, har inda mutane suke tsaye. Sai ta riƙa cewa, "Dogo na da ita a tsakiya, mutum biyu sun tare shi, Mai Kitso ya ɓalle ta gefen ƙofa ba kowa tare da shi, in ya gan shi... bai gan shi ba, ya mayar baya." Malam ya bugi gwiwa ya yi tsaki daidai lokacin da masu ido a gidan kallo na bakin titi suke yin nasu. Ni kuwa ina wanke-wanke a bayan katanga, ban taɓa zama na kalli wasa ba, amma na san Sarkin Faɗuwa kamar ɗan unguwarmu.

Mata suka fara tsokanarta a gidan biki, wai Hansai ta zama 'yar ƙwallo da tsufanta. Takan ce, "Jinya nake yi." Amma shekarar da aka ci Laberiya shida da ɗaya a Kalaba aka sami gurbi, aka je kuma aka ɗauko kofin, guɗar da ta rangaɗa ba ta mai jinya ba ce.

Malam ya fi son wasannin neman gurbi a kan gasar kanta. Yana cewa a gasa kowa ya yi wanka ya sa kayan Sallah, amma a neman gurbi ake ganin halin ƙungiya, ranar da za a je wata ƙaramar ƙasa a yi wasa cikin rana a fili mai gargada, 'yan kallo na zaune dab da layi. A lokacin hutun rabin lokaci yakan ba ta labarin da. Yadda suke taruwa gindin rediyo ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa tun ana ce wa ƙungiyar Green Eagles. Yadda suke takawa da ƙafa daga Unguwar Kanawa har filin wasa su dawo, ba su ji gajiya ba. A nan ta fara jin cewa shi kansa ya yi wa makarantarsu wasa a matsayin ɗan baya ta hagu, har an taɓa kiransa gwaji, mahaifinsa ya ce ko boko ko ƙwallo, ya zaɓi ɗaya. Ta ce mini, "Shekara kusan talatin ina tare da mutumin nan, ban san ya taɓa son wani abu ya rasa ba."

A shekarar 2015 aka kawo wasan Najeriya da Chadi nan Kaduna. Shamsuddeen, wanda a lokacin ya yi aure ya gina gida a Katabu, ya zo ya ɗauki mahaifinsa suka tafi su biyu. Namu suka ci biyu da nema, amma Malam ya dawo ba walwala. Ya ce, "Ihu na ji, ban ga wasa ba." Don haka da aka ce Masar za ta zo Kaduna cikin watan Maris na shekarar da ta biyo, tun da sauran mako biyu ya fara yi mata magana.

"Ni da girmana, Malam? Cikin maza?"

"Mata na zuwa."

"'Yan mata dai."

"In ba ki je ba, ni ma ban je ba, ko an kai ni."

Ta yi shawara da ni ta kan katanga. Na ce ta je. Ta ce dama ta riga ta goge hijabinta, so take kawai ta ji wani ya faɗa.

Ranar Juma'a ce, ana tsakiyar zafin bazara. Bayan an sauko daga masallaci Shamsuddeen ya zo da 'yar motarsa. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, da bakin Malam, don shi ma bai gaji da ba da labarin ba. Tun daga nesa hanya ta cushe, dole suka ajiye motar suka taka. An buɗe ƙofofi kyauta, kamar duk Kaduna da kewayenta sun fito. Malam na dafe da kafaɗar ɗansa, ita tana biye, tana gaya masa abin da take gani: masu tutoci, masu kakaki na roba, samari sun shafa kore da fari a fuska. Da suka matso ta ɗaga kai ta ga mutane sun hau ƙarafunan fitilun filin har can ƙololuwa, sun yi cincirindo kamar jemagu a bishiya. A bakin ƙofa kuwa turereniya ake yi. Wani ayari ya taho da gudu ya bangaje su, hular Malam ta faɗi, kafin ta sunkuya an tattake ta.

Ta riƙo rigar ɗanta ta baya. "Tsaya. Ba za mu shiga ba."

Malam ya ce, "Mun zo har nan? Shamsu, mu je. Na san ƙofar nan tun ba a haife ka ba."

Ta ce ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. "Malam, ka ce in zo in gane maka. To na gani, babu hanya."

Ya tsaya cik, kansa ba hula, rana na dukansa. Sannan ya ce, "To."

Suka ja da baya suka shiga wani layi da ke kusa da filin. A nan suka ji ƙarar janareta daga wani shagon aski, matasa sun cika ƙofar suna leƙen wata 'yar talabijin da aka ɗora kan kanta. Mai shagon, wani Bazamfare da ake kira Jamilu, da ya ga dattijo da sanda sai ya kori yara daga kan benci, ya ba Malam kujerar aski ita kanta, ya kawo wa Inna Hansai kujerar roba. Ya cire hularsa ya ba Malam, ya ce ba a zama a shagonsa kai a buɗe sai in aski za a yi.

Aka take wasa. Ta sunkuya kusa da kunnen mijinta ta fara magana ƙasa-ƙasa, don kunya. Babu firij, babu ƙofar falo, sai ta ce namu wajen madubi suke ci, Masar wajen titi. Matasan suka fara kallon juna suna murmushi. Ba a jima ba murmushin ya ɗauke, na kusa suka matso. Wani daga baya, wanda kawunan mutane suka tare masa talabijin, ya ce, "Hajiya, don Allah ɗaga murya, mu ma nan ba ma gani." Jamilu ya miƙa hannu ya rage sautin talabijin ɗin.

Filin yana bayansu, kusa ƙwarai, ana jin numfashinsa. In namu sun kai hari sai sautin ya taso kamar ruwan sama na tahowa, in an ɓarar ya kwanta. Malam ya jingina a kujerar aski, kunne ɗaya na wurin matarsa, ɗaya na wurin filin. Aka tafi hutu ba ci. Jamilu ya aika aka sayo musu ruwa mai sanyi, suka ce sun gode.

Bayan an dawo, wasa ya yi nisa kaɗan, tana cikin cewa, "Namu na da ita, an tura gaba, mutum ɗaya ya shiga..." sai wata irin ƙara ta tashi daga filin, har madubin shagon ya yi rawa. Malam ya miƙe tsaye zumbur, sanda ta faɗi.

"An ci! Hansai, an ci!"

"Malam, zauna, ba a kai ga..."

Ba ta rufe baki ba ƙwallon ta shiga raga a talabijin. Ashe hoton yana makara da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso. Shago ya kaure. Malam na tsaye a tsakiya da hular wanzami, yana juyawa hagu da dama yana dariya. "Ku masu ido, sai yanzu kuka gani? Ni tun ɗazu na sani!" Matasa suka riƙa kama hannunsa suna cewa Baba ya riga kowa. Daga nan duk wanda ke shagon ya koma kallon fuskarsa, in ya ɗaga gira sai a ce wani abu na tafe.

Saura ƙiris a tashi, mutane har sun fara murna a titi, sai sautin filin ya ɗauke gaba ɗaya kamar an kife tukunya. A talabijin ƙwallon tana ƙafar wani ɗan Masar, bai ma buga ba tukuna. Malam ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Hansai, wannan kar ki faɗa." Ba ta faɗa ba. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

A ƙofar shagon suka yi sallar magariba kan tabarmar Jamilu, jama'a na kwararowa daga filin rai a ɓace. Ta zaci Malam zai yi kwanaki ba ya magana. Sai ga shi a mota shi ke ta hira, yana kwaikwayon yadda ta ce masa ya zauna. Ya ce wa ɗansa, "Ka san rabona da in riga wani sanin abu?" Bayan 'yan kwanaki aka je Masar aka ci mu ɗaya, aka sake rasa gurbi. Ya ce Allah Ya kai mu wani. Hular kuwa ya sa an wanke an mayar wa Jamilu, tare da rigar sanyi da Inna Hansai ta saƙa wa 'yarsa.

Malam Alhassan ya rasu da daminar 2018, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, bayan gajeriyar rashin lafiya. Gambo ya zo ta'aziyya daga Maraɗi, ya yi kwana uku bai tsokane ta ba ko sau ɗaya, ta ce wannan ne ya fi sa ta kuka. Ta yi takaba ta fita. An yi wasannin neman gurbi, an samu, an je gasa an dawo, duk ba ta sani ba. Talabijin ɗin ta lulluɓe shi da wani mayafi, ta ɗora kwandon zare a kai. In yaran unguwa sun ce, "Inna, yau akwai wasa," sai ta ce Allah Ya ba mai rabo sa'a.

Sai wata Juma'a da yamma, a shekarar korona, na shiga gidanta karɓar rariya. Na same ta zaune a falo, an ɗauke kwandon, talabijin na kunne ba sauti. Najeriya ce da Saliyo a birnin Benin, fili wayam ba 'yan kallo saboda cutar. Ba ta dube ni ba ta ce, "Sadiya, zauna."

Na zauna. Wannan ne karo na farko da na kalli wasa da idona. Namu suka ci ɗaya, suka ci biyu, kafin wani lokaci huɗu da nema. Ba ta ce uffan ba, hannunta na kan cinya. Saliyo ta rama ɗaya kafin hutu. Aka dawo ta ƙara ta biyu. Na ga leɓenta ya fara motsi. Da ta uku ta shiga sai ta zabura.

"Dubi ɗan bayan nan! Ya tafi yawo ya bar gefen firij a buɗe, wa ya bar wa? Ga mutum can shi kaɗai, ba mai ganinsa? Ku koma, ku koma mana!"

Daga nan ba ta sake yin shiru ba. Tana magana tana karkata zuwa damanta, inda kujerar take, kujerar da ba kowa a kai. Aka farke ta huɗu. Da aka tashi ta dube ni, ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta kama gefen mayafi tana share ido. Ta ce, "Huɗu da nema fa, Sadiya. Da yana nan, da yau ba mai cin tuwo a gidan nan." Wayarta ta fara ƙara a kan keken saƙa. Ta duba ta ce, "Ga ɗan banzan nan na Maraɗi," ta ɗauka tun kafin ta gama share hawayen.

Shekara biyu bayan haka Shamsuddeen ya matsa mata ta koma wurinsa a Katabu, aka zuba 'yan haya a gidan. Na je gaishe ta bayan Sallar da ta wuce. Ta ɗan rame, gwiwa na damunta, amma keken saƙar na nan a ɗakinta, tana koya wa surukarta Ladidi. Ta yi mini ƙorafin jikokinta, wai ba su san komai ba sai ƙungiyoyin Turai, in ka tambaye su rukunin da ƙasarsu take sai su yi ta kallonka. Ita kuwa duk wasan neman gurbin da aka nuna tana kallo, ko na wace ƙasa ne. Ta ce akwai wasu tsibirai da ba ta taɓa jin sunansu ba sai a ƙwallo, ta sa Ladidi ta nuna mata su a waya, ta ga duk ƙasar ba ta kai ƙwayar gero ba a cikin teku, amma ga su suna ba manya wahala.

Da la'asar ta ce sai ta raka ni bakin titin Zariya, na hana, ta ƙi. Muna tafe a hankali tana tambayata mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wa ya aurar, wa ya haihu, wa ya rasu. Da motar Kawo ta tsaya na shiga, ta leƙo ta taga ta ce in na isa in shiga wurin 'yan hayar nan in duba mata bishiyar lemun tsamin da Malam ya dasa a bayan ɗaki, in ce musu ba ta son ruwan wanki, ruwa mai kyau za su riƙa zuba mata. Na je washegari da safe. Ta yi 'ya'ya sosai, har reshe ɗaya ya sunkuya, matar gidan ta tsinko mini cike da kwano.